Digirin Falsafa a Legas: Auna Albashin da Zai Kawo da Bashin da Zai Bari

Duk shekara idan jami'o'i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai gidajen Hausawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago da ke shiga tsaka mai wuya, domin yaron da ya nemi karatun lauya ko kimiyyar siyasa sai ya tarar an ba shi falsafa, ko dai a Jami'ar Legas da ke Akoka ko a Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo. Akwai kuma 'yan ƙalilan da suka zaɓe ta da kansu saboda sha'awar karatu da muhawara. Ko ta wace hanya aka iso, tambayar da ake yi a gida guda ce: shin ya dace a ci bashi domin wannan karatu, kuma abin da mai digirin zai riƙa samu daga baya zai iya biyan bashin ba tare da ya hana shi numfashi ba? A ganina amsar ta dogara ne ga irin bashin da aka ci fiye da yawansa, sannan ta dogara ga abin da ɗalibin ya haɗa da falsafar a cikin shekarun da zai shafe a makaranta.

Bari a fara da rancen gwamnati, tun da shi ne sabon abin da ya shigo cikin lissafin iyaye. A watan Afrilun 2024 aka sanya hannu a kan dokar da ta sake fasalin asusun ba ɗalibai rance, wato NELFUND, aka kuma buɗe shafin neman rancen a watan Mayun shekarar. Rancen na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jihohi, kuma kashi biyu ne: kuɗin makaranta, wanda asusun ke tura wa jami'a kai tsaye ba tare da ya biyo ta hannun ɗalibi ba, da kuɗin kashewa na naira 20,000 a wata ga wanda ya nema. Babu kuɗin ruwa a kansa, kuma dokar 2024 ta cire sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi, wanda ke cikin dokar farko ta 2023 kuma da ya hana 'ya'yan talakawa da yawa kusantar rancen. Ba a fara neman biya sai bayan shekara biyu da kammala hidimar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi daga wurin aiki, mai sana'ar kansa kuwa ya riƙa biyan kashi 10 na ribarsa. Wanda bai samu aiki ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa ta hanyar rantsuwa a rubuce, amma yin ƙarya a wannan rantsuwa laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Kuɗin makarantar kansa ba shi da nauyi idan aka kwatanta shi da sauran fannoni, domin ɗalibin falsafa ba ya shiga ɗakin gwaje-gwaje kuma ba ya sayen kayan aiki. Lokacin da Jami'ar Legas ta ƙara kuɗinta a 2023, ɗalibai suka yi zanga-zanga har aka yi ragi, sababbin ɗalibai na irin waɗannan fannoni sun koma biyan kimanin naira dubu 116, tsofaffi kuma kimanin dubu 80. Wajibi ne a binciki adadin bana kafin a yanke shawara, amma domin lissafi mu ƙaddara cewa kuɗin ya tsaya a naira 110,000 a shekara. Shekara huɗu sun tashi a naira 440,000. Idan ɗalibin ya karɓi kuɗin kashewa duk wata har ya gama, wannan zai ƙara naira 960,000, jimilla ta zama naira miliyan 1.4. Wanda ya fito ya samu aikin da ke biyan mafi ƙarancin albashin gwamnatin Jihar Legas, wato naira 85,000, za a riƙa cire masa 8,500 a wata, kuma zai kusan shekara goma sha huɗu yana biya. Mai albashin 150,000 zai gama a ƙasa da shekara takwas, mai 300,000 kuwa a ƙasa da shekara huɗu. Amma da kuɗin makaranta kaɗai ɗalibin ya ranta, ya bar na kashewa, to mai albashin 85,000 ɗin nan zai sauke nauyinsa cikin shekara huɗu da 'yan watanni, mai 300,000 kuma cikin wata goma sha biyar.

Wannan lissafi ya nuna abin da iyaye da yawa ba sa lura da shi, wato fiye da kashi biyu cikin uku na bashin daga kuɗin kashewa yake fitowa. Saboda haka shawarar da ta fi muhimmanci a gida ita ce ko za a iya ciyar da yaron da ba shi kuɗin mota daga aljihun iyali, ko ya riƙa samun wani abu a kasuwa ranakun da babu darasi, a bar asusun ya biya jami'a kawai. Ban ce a guji kuɗin kashewar ko ta halin ƙaƙa ba, domin maraya ko ɗan da mahaifinsa ke faɗi-tashin abincin yau ba shi da wani zaɓi, kuma yunwa ta fi bashi hana karatu. Sai dai wanda zai iya ba tare da shi ba, bai kamata ya karɓa don kawai ya ga abokansa suna samun saƙon banki a ƙarshen wata ba.

Akwai wani abu kuma da ke sassauta wa mai irin wannan bashi, shi ne hauhawar farashi. Tun da babu ruwa a kan rancen, adadin da aka rubuta shi za a biya, komai lalacewar darajar naira kafin lokacin biyan. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024, kuma litar man fetur da ake saye ƙasa da naira 200 a farkon 2023 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, alawus ɗin masu hidimar ƙasa kuma ya koma 77,000 daga 33,000. Yaron da ya shiga jami'a yana da shekara goma sha takwas ba zai fara biya ba sai ya kai wajen ashirin da biyar, kuma abu ne mai wuya a ce naira dubu ɗari huɗu ta wancan lokacin za ta yi nauyin ta yau. Duk da haka bai kamata a raina cirar kashi 10 ba a gari kamar Legas, inda ake biyan haya ta shekara guda a dunƙule, a ƙara da la'adar dillali da kuɗin yarjejeniya, inda kuma kuɗin mota kaɗai kan lashe kaso mai tsoka na albashin ƙaramin ma'aikaci. Naira dubu goma a wata ga mai neman tara kuɗin ɗaki da na aure ba ƙaramin giɓi ba ne.

Da zarar an bar rancen gwamnati aka koma bashi mai ruwa, lissafin yakan juye gaba ɗaya. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, abin da ke nufin a lokacin bankunan kasuwanci na ba da rance a kusan kashi 30 ko fiye. Naira miliyan 1.4 ɗin nan a kan ruwan kashi 30 za ta riƙa haifar da naira 420,000 a shekara, wato 35,000 a wata, tun kafin a taɓa uwar kuɗin, kuma banki ba zai jira a gama hidimar ƙasa ba. Manhajojin ba da rance na waya sun fi haka muni, don ban da ruwansu mai tsanani an sha kokawa da yadda wasunsu ke tura saƙon tozarci ga duk lambar da ke cikin wayar wanda ya kasa biya, har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ƙasa ta kai wa wasu samame a Legas a 2022. Ga Musulmi maganar riba ta riga ta rufe wannan hanya tun kafin a zo ga lissafi, amma ko ga wanda bai dubi wannan ba, babu albashin farko na mai digirin falsafa da zai iya ɗaukar irin wannan ruwa. Jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda yawancinsu ke karɓar miliyoyi a shekara kuma rancen gwamnati bai shafe su ba, na wanda mahaifinsa zai biya daga abin da yake da shi ne. Karatun waje ya fi wannan haɗari: ɗalibin ƙetare a Ingila yakan biya fam dubu goma sha biyar zuwa sama a shekara a fannonin adabi, ban da masauki da abinci, kuma da dala ta tashi daga kimanin naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024, an samu 'yan Najeriya da suka kasa ƙarasa biyan kuɗin makaranta a can har karatunsu ya tsaya. Ban ga hujjar da za ta sa a sayar da gida ko a jinginar da shago domin a yi digirin farko na falsafa a ƙasar waje ba, sai dai idan tallafin karatu aka samu wanda ya ɗauki komai.

Sai kuma ɓangaren samu, wanda a nan ne ake yawan ruɗar yara da alƙaluman wasu ƙasashe. Mai bincike a intanet zai ci karo da wani jadawali na kamfanin PayScale da jaridar Wall Street Journal ta buga a 2008, wanda ya nuna cewa masu digirin falsafa a Amurka na fara aiki da matsakaicin albashin dala 39,900 a shekara, su kai 81,200 a tsakiyar rayuwar aikinsu, wato ninki biyu da ɗoriya, haɓakar da ta zarce ta mafi yawan fannoni. Zai kuma ga ana cewa ɗaliban falsafa na cikin waɗanda suka fi cin jarrabawar shiga makarantun lauya a can, kuma haka abin yake. Amma a Amurka sai an gama digirin farko ake karatun lauya, don haka falsafa tsani ce da aka saba bi, alhali a Najeriya lauya digirin farko ne na shekara biyar da ake shiga daga sakandare, a ƙara da shekara guda a makarantar horas da lauyoyi. Mai digirin falsafa da ke son zama lauya a nan sai ya koma aji biyu, ya sake shekara huɗu. Haka nan bashin nasu daban yake da namu: abin da gwamnatin Amurka ke bin ɗalibai ya haura dala tiriliyan 1.6, kuma rancen digirin farko na zangon 2024 zuwa 2025 na ɗauke da ruwan kashi 6.53 cikin ɗari. A Ingila sababbin masu rance na biyan kashi 9 ne na abin da ya haura fam 25,000 a shekara, kuma ana yafe ragowar bayan shekara arba'in. Waɗannan tsare-tsare na 'yan ƙasarsu ne, kuma tsoron da ke cikin rubuce-rubucensu da kwaɗayin da ke ciki duk ba su dace da yaron Agege ba.

Abin da ya dace da shi shi ne ya ɗauki sanarwar neman ma'aikata ta wani banki ko kamfanin sadarwa ya karanta ta layi-layi. Zai tarar yawancin masu ɗaukar sababbin ma'aikata domin horaswa suna cewa digiri a kowane fanni, da sharaɗin sakamako mai daraja ta biyu, wasu su ce lallai babbar ta biyun, da shaidar kammala hidimar ƙasa, da kiredit biyar a jarrabawar sakandare har da Turanci da lissafi, sannan a can ƙasa a rubuta cewa kada shekarun mai nema su wuce ashirin da shida ko da bakwai. Daga nan sai jarrabawar gwajin basira a kwamfuta, wadda ke da tambayoyin fahimtar rubutu da na hujja da na lissafi. A kashi biyun farko ɗalibin da ya yi manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, da gaske yana da fifiko a kan takwarorinsa, a na ukun kuwa sau da yawa nan yake faɗuwa, domin tun daga sakandare ya yi sallama da lissafi. Wannan sanarwa guda ta ƙunshi kusan duk abin da ya kamata ya sani: sunan fanninsa ba zai hana shi shiga ba, amma darajar sakamakonsa da shekarunsa da lissafinsa suna iya hana shi. Batun shekaru ba wasa ba ne a jami'o'in gwamnati, idan aka tuna cewa yajin aikin malamai na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 kuma wata takwas, don haka shekara huɗun da ke kan takarda tana iya zama biyar.

Hanyar koyarwa, wadda ita ce mafakar masu digirin adabi da yawa, ta fi ƙunci ga mai falsafa, saboda ba a koyar da falsafa a sakandare kuma babu ita a jarrabawar WAEC ko NECO. Mai tarihi ko Turanci ko Larabci yana da darasin da ke jiransa, shi kuwa sai dai a ba shi darasin gwamnati ko na sanin haƙƙin ɗan ƙasa, bayan ya ƙara difilomar koyarwa ya yi rajista da hukumar malamai, kuma ƙananan makarantun kuɗi na unguwanni da yawa ba sa biyan ko mafi ƙarancin albashi. A jami'a akwai buƙatar malaman falsafa, tun da kowane ɗalibi, har mai karatun likita da injiniya, sai ya yi darasin falsafa da manɗiƙi a cikin darussan gama-gari, kuma sashen na Akoka yana da tarihi mai kyau, don a nan marigayiya Farfesa Sophie Oluwole, macen farko da ta samu digirin digirgir a falsafa a Najeriya, ta koyar. Sai dai wannan hanya na neman digiri na biyu da na uku, guraben kaɗan ne, kuma albashin malaman jami'a shi ne abin da ƙungiyarsu ta shafe shekaru tana kuka a kansa. Ga Kiristan da ke da niyyar zama limamin cocin Katolika maganar daban take, domin falsafa wajibi ce a horonsu kuma yawanci coci ke ɗaukar nauyi.

Masu goyon bayan fannin kan kawo misalin Peter Obi, wanda ya yi digirin falsafa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, ya zama shugaban hukumar gudanarwar banki, daga baya gwamnan Anambra. Misalin gaskiya ne, amma dukiyarsa daga kasuwanci ta fito, kuma wannan shi ne darasin da ya kamata a ɗauka: falsafa na ƙara wa abin da mutum ya iya ƙarfi, ba kasafai take zama sana'a ita kaɗai ba. Ɗan Hausa da ya tashi a Legas yana da wani jari da bai cika sanin darajarsa ba, wato yana jin Hausa da Yarabanci da Turanci da Burokan, ya kuma san yadda kaya ke tasowa daga Arewa su sauka a kasuwa. Kamfanonin da ke rarraba kayan masarufi zuwa Kano da Kaduna, da sassan kula da abokan hulɗa na kamfanonin waya, da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ da Lotus, da ƙungiyoyin agaji, da kafafen yaɗa labarai, duk suna buƙatar wanda zai iya rubuta rahoto mai tsari da Turanci kuma ya zauna da dila ya yi magana da harshensa. Idan ya ƙara da takardar ƙwarewa, kamar jarrabawar akantoci ta ICAN wadda mai digiri a kowane fanni zai iya farawa daga matakin tushe, ko ta cibiyar kula da ma'aikata ta CIPM da ke Alausa, ko ya koyi nazarin bayanai a kwamfuta a cibiyoyin fasaha na Yaba da ke maƙwabtaka da Akoka, to albashin 300,000 na lissafinmu na sama ba mafarki ba ne. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ya bari sai ya cire kakin hidimar ƙasa sannan ya fara tunanin abin da zai haɗa, shi ne zai zauna a layin 85,000.

To yaya falsafa take idan aka jera ta da abin da yaron zai iya samu a madadinta? A nan ana yawan yin kwatancin da bai dace ba, a ce da ya yi aikin jinya ko injiniya, alhali ɗalibin da ya yi ajin adabi a sakandare ba shi da darussan shiga waɗannan. Abokan gwajinta na gaskiya su ne lauya, da aikin jarida, da kimiyyar siyasa, da tarihi, da harsuna, da akanta ga wanda ya ci lissafi da tattalin arziki. Akanta ta fi ta saurin kai mutum ga aiki, wannan babu jayayya, kuma wanda aka ba shi ita kuma yana iya lissafi ya karɓa. Lauya ta fi ta daraja a idon jama'a kuma tana ba da sana'ar da mutum zai iya dogara da kansa, amma tana ƙara shekara biyu da kuɗin makarantar horaswa, kuma ƙananan lauyoyi a Legas sun daɗe suna kuka da ƙarancin abin da ake biyansu a shekarun farko. Tsakanin falsafa da kimiyyar siyasa ko tarihi ko nazarin zamantakewa kuwa, a wurin mai ɗaukar aiki kusan duk ɗaya suke, saboda haka zaman shekara guda a gida domin a sake JAMB a samu ɗaya daga cikinsu asara ce. Zaman na da ma'ana ne kaɗai idan yaron ya kuskure makin lauya da kaɗan, yana da ƙarancin shekaru, kuma ya tabbata lauyan yake so, ba iyayensa ke so masa ba.

Kwatancin da ya fi nauyi a gidajenmu shi ne tsakanin jami'a da kasuwa. Uba mai rumfar albasa a Mile 12 ko mai harkar dabbobi a mayankar Oko-Oba yakan dubi ɗansa ya ce, “Ni ban hana ka karatu ba, amma ka nuna mini ofishin da aka rubuta falsafa a ƙofarsa,” yaron kuma ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ilimi ai ba ya ɓaci.” Dukansu suna da gaskiya, sai dai uban ne ya taɓo asarar da ba ta fitowa a takardar bashi. Saurayin da ya tsaya a rumfa yana sauke kaya daga tirela tun asuba, yana sanin masu kawowa da masu saye, bayan shekara biyar zai iya samun jarinsa da abokan cinikinsa, wataƙila ma da iyali, a daidai lokacin da ɗan'uwansa ke yawo da takardu a cikin ambulan. Idan yana ajiye ko da naira dubu arba'in a wata, abin da zai tara a wannan tsawon lokaci ya zarce bashin gwamnatin duka. Amma kasuwa ma ba ta da tabbas: rikici ya taɓa jawo rufe Mile 12, an sha ba mazauna Alaba Rago wa'adin tashi, hana acaɓa a manyan sassan birnin a 2022 ya raba dubban matasa da abin yi, kuma a farkon 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji fiye da dubu huɗu. Mai digiri yana da hanya ta biyu idan ta farko ta toshe. Wanda kuwa kasuwancin gidansu ke tafiya daidai kuma shi ne ake sa ran zai riƙe shi, zai iya haɗa biyun ta karatun wucin gadi ko na Buɗaɗɗiyar Jami'a, ya biya da kansa sannu a hankali ba tare da bashi ba, da sanin cewa masu karatun wucin gadi ba a tura su hidimar ƙasa, takardar keɓe su daga hidimar ake ba su.

Wurin zama ma yana shiga lissafin fiye da yadda ake zato, domin shi ke yanke ko ɗalibi zai buƙaci kuɗin kashewar nan. Ɗan Alaba Rago ko Okokomaiko da ya samu gurbi a Ojo zai kwana a gida, ya ci a gida, ya isa aji da ɗan kuɗin mota. Ɗan Idi-Araba bai yi nisa da Akoka ba, ɗan Agege kuma tun daga ƙarshen 2024 yana da jirgin ƙasan da ke bi ta Ikeja da Oshodi ya sauke shi a Yaba. Amma idan aka yi akasi, ɗan Agege ya samu Ojo, to zirga-zirgar yau da kullum ba za ta yiwu ba sai da kama ɗaki, kuma hayar ɗaki kusa da makaranta na iya ninka kuɗin makarantar.

Wasu iyaye damuwarsu ba ta kuɗi ba ce, tsoro suke kada falsafa ta taɓa aƙidar yaro, kuma idan uba ya janye hannunsa saboda wannan, bashin yaron ne zai ƙaru. Ya kamata a tattauna wannan a fili tun da wuri, a kuma tuna cewa manɗiƙi fanni ne da malamanmu suka daɗe suna karantarwa a zaure, kuma jikan Shehu Usmanu, Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rasu a 1864, ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa a ƙasar Sakkwato. Yaron da ke da tushen karatun addini kuma yana da malamin da yake komawa gare shi da tambayoyinsa ba abin tsoro ba ne. Haka nan game da 'ya mace akwai maganar da ba a cika yi ba: rancen da sunanta yake, da lambar shaidarta ta ƙasa da ta banki, kuma aure ba ya goge shi. Idan akwai yiwuwar ba za ta yi aikin albashi bayan aure ba, wajibi ne iyaye su tsayar da wanda zai biya tun kafin a cike takarda, kuma a sanar da mai neman aurenta, domin addini ya tsananta a kan mutum ya bar duniya da bashi a wuyansa, ko da na gwamnati ne.

Idan aka haɗa duka, wanda nake ganin ya karɓi gurbin ya ranci kuɗin makaranta ba tare da fargaba ba shi ne yaron da bai wuce shekara ashirin ba, wanda ke iya zama da littafi mai wuya ya karanta ya kuma yi rubutu, wanda zai kwana a gidansu, kuma ya riga ya ambaci abin da zai koya a gefe tun daga aji biyu. Wanda ya haura ashirin da biyu, ba ya son karatu mai yawa, sai ya kama haya, kuma kwalin kawai yake so a ce yana da shi, kasuwa da karatun wucin gadi sun fi masa. Wanda ke tsakanin biyun ya shiga ya gwada shekarar farko da kuɗin gida idan da hali, ya duba sakamakonsa, ya binciki ƙa'idar sauya fanni a jami'arsa, domin rancen ana nemansa ne duk shekarar karatu, kuma wanda bai nema a aji ɗaya ba yana iya nema a aji biyu da lambar JAMB ɗinsa da lambar ɗalibta da NIN da BVN.